Malaman da ke bakin ƙofar asibiti

Kowace safiya ta ranar aiki, tun kafin ƙarfe bakwai, bas-bas da Keke Napep sun fara kwasar mutane daga Kwangila da Palladan da bakin kasuwar Samaru suna miƙa hanyar Funtuwa zuwa asibitin koyarwa na Zariya da ke Shika. Akwai mai goyo da yaron da ya kwana da zazzaɓi, akwai tsohon ma'aikacin reluwe daga Sabon Gari da fitsari ke yi wa gardama, akwai ɗalibar jami'a da ta daɗe rabonta da barcin kirki. Kaɗan ne daga cikinsu za su ga likitan zuciya ko na ƙoda a ranar. Mafi yawa kati za su yanka, su bi layi a sashen da ake fara ganin kowa, wanda ma'aikata ke kira GOPD, su jira a kira sunansu. Wanda zai duba su, sau da yawa, likita ne matashi mai neman ƙwarewa a fannin likitancin iyali. Abin da zai iya yi musu a 'yan mintocin da zai ba su kuwa ya rataya ne a wuyan wani mutum da ba lalle su ko ga fuskarsa ba, wato babban likitan da ke koyar da shi, wanda ke ɗaki na gaba yana fama da nasa layin.

A kan wannan malamin nake son magana. In ana muhawarar lafiya a ƙasar nan, gini ake tattaunawa da na'urori da yajin aiki da yawan likitocin da suka tsallaka waje. Duka suna da muhimmanci. Amma ni a ganina babu inda tsarin lafiyarmu ya fi ƙuntata kamar wajen mutanen da ke koya wa likita yadda zai karɓi marar lafiyar da ba a san abin da ke damunsa ba tukuna, kuma babu waɗanda muka fi yi wa riƙon sakainar kashi kamar su.

Rainin daga wajenmu yake farawa, mu masu bin layin. Sau nawa ka ji mutum yana cewa ma'aikaciyar jinya, "Ni fa babban likita nake son gani, a tura ni ciki"? A tunaninsa wanda ke bakin ƙofa ɗan rubuta takardar turawa ne kawai, likitocin gaske suna can ciki. Har a cikin likitocin kansu akwai masu wannan kallon. Alhali likitan iyali, bayan shekara shida ta jami'a da shekarar koyon aiki da ta bautar ƙasa, sai ya ci jarrabawar share fage, sannan ya shiga horon shekaru a ƙarƙashin Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. A tsawon horon zai zagaya sashen yara, da na haihuwa, da na tiyata, da na manya, da na taɓin hankali, da na ido da kunne, ya dawo bakin ƙofa inda duk waɗannan ke zuwa a cakuɗe. Zai zauna manyan jarrabawa biyu, ya rubuta kundin bincike, ya kare shi a gaban waɗanda ba su san shi ba. Wanda ya fito daga wannan, shi ma babban likita ne kamar mai fiɗa. Bambancin shi ne mai fiɗa yana karɓar cutar da aka riga aka raɗa wa suna, shi kuwa mutum yake karɓa da ƙorafinsa ɗanye: "jikina ne duk ba daɗi."

A 1961 wani likita mai suna Kerr White da abokan aikinsa a Amurka suka yi wani lissafi daga alƙaluman Amurka da Ingila, wanda har yau ake koyar da shi. Suka ce a cikin manya 1,000, a wata guda, kimanin 750 za su ji wani rashin lafiya, 250 za su ga likita, 9 za a kwantar, mutum 1 kacal ne zai kai asibitin jami'a. Alƙaluman Zariya za su bambanta, tun da namu mutanen kemis suke fara zuwa ko wajen mai magani a gonar yaro, amma siffar abin ɗaya ce. Ɗalibin da duk karatunsa a gefen gadon asibitin koyarwa ya yi shi, a kan wancan mutum ɗayan ya koyi aiki. In ya fita Giwa ko Ikara ko Maƙarfi, sauran ɗaruruwan ne ke jiransa. Malamin likitancin iyali shi ne wanda aikinsa ya faɗa a kan waɗannan ɗaruruwan.

Na taɓa raka gwaggona wani asibitin koyarwa. Mai tuyar waina ce a Hayin Dogo, ta haura sittin. An sha yi mata maganin "maleriya da taifod" a unguwa, har da ƙarin ruwa, ciwon kai da kasala ba su bar ta ba, ga ƙafa ta fara kumbura. Wani likita matashi ya gan ta, yaro mai ladabi. Ya auna jininta ya ga ya hau ƙwarai duk da ta ce tana shan magani, sai ya rubuta ƙarin wani a kai. Kafin ya sallame mu ya ce mu ɗan jira ya nuna wa malamarsa.

Malamar ta shigo ta ja kujera ta zauna kusa da ita. "Mama, ina kwana? Ya jikin? Ya mutanen gida?" Sai da suka gaisa sosai, sannan ta ce, "Mama, in gwiwar nan ta matsa miki, me kike sha?" Babu wanda ya ambaci gwiwa a ɗakin, yadda gwaggo ta dafa tebur kafin ta zauna daidai ta gani. Gwaggo ta kwance bakin zani ta fito da 'yar leda mai ƙwayoyi kala-kala, irin haɗin da ake yi wa mutum a kemis. Malamar ta baje su a kan takarda ta ce wa ɗalibinta, "Dakta, duba mana ka faɗa min me da me ke nan." Ya gane maganin ciwon jiki iri biyu, masu hawar da jini su taɓa ƙoda, da wata 'yar ƙaramar ƙwaya mai kumbura fuska ta tayar da suga. Ta ce, "To, yanzu me za ka yi da takardar da ka rubuta?" Ya ce, "Malama, zan sake ta." Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma karɓe biron daga hannunsa ba. Ta ƙara masa da tambaya ɗaya: "Ka tambayi Mama wa ke saya mata maganin hawan jinin." Ashe ɗanta ne, ɗan acaɓa, yana sayen na mako guda in ya samu, in kuma kai ya daina ciwo sai a bari. Daga nan maganar ta koma neman magani mai sauƙin kuɗi da ake sha sau ɗaya a rana, da gwajin ƙoda da na suga, da abin da za a yi wa gwiwar, da kuma kiran ɗan ya zo a yi masa bayani da kansa.

Duk wannan bai fi minti goma ba. Gwaggo ta amfana, amma wanda ya fi ta cin riba shi ne wancan matashin, da duk tsofaffin da zai gani cikin shekara talatin masu zuwa, domin ba zai ƙara ɗora magani a kan magani bai ce a buɗe leda ba. Littafi ya faɗa masa cewa wasu magunguna na hawar da jini, ya ma ci jarrabawa a kai. Wanda zai nuna masa cewa maganin yana ƙulle a bakin zani, kuma ba za a fito da shi ba sai an gaisa, dole mutum ne da ya tsufa a aikin ya tsaya a kansa.

Zariya ta san irin wannan koyarwa tun kafin a ba fannin suna. An buɗe tsangayar koyar da likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1967, lokacin da likitan yara, Farfesa Ishaya Audu, ke shugabantar jami'ar. A shekarun 1970 Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson suka lura da yawan masu jego da ake kawowa zuciyarsu ta gaza, suka bi sawun abin har cikin gidaje, wajen kunun kanwa da wankan jego da gadon da ake hura wa wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta a Kano daga baya ya ƙara haske da wasu dalilan, irin su ƙarancin sinadarin seleniyum a jiki, amma hanyar da aka bi tun farko ita ce abin lura: an fita daga ɗakin duba marar lafiya an je inda take kwana. Brian Greenwood ya yi shekara goma a nan yana aiki a kan sanƙarau. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, ya buga sakamakon a 1985, ya nuna yadda mutuwa ta fi aukawa kan matan da ba su je awo ba, aka kawo su bayan abu ya lalace. Farfesa Umaru Shehu ya gina sashen lafiyar al'umma. Ba ɗayansu da yake likitan iyali, amma duk sun koyar da cewa cuta tana da gida da dangi da sana'a. Masu riƙe da wannan gadon kullum safiya a yau su ne malaman bakin ƙofa.

Shi kansa fannin a Nijeriya ba a manyan asibitocin jami'a ya fara kafa ƙafa ba. A farkon shekarun 1980 asibitocin mishan ne suka ɗauki mafi yawan nauyin horon, irin su Evangel a Jos da na Baptist a Ogbomosho, kuma Dakta Andrew Pearson na asibitin Wesley Guild a Ilesha yana cikin waɗanda suka tsara shi. Wurare ne da likita ɗaya zai ciro jariri ta tiyata da asuba, ya ɗaura karaya da hantsi, ya ga masu suga da la'asar. Irin wannan likitan aka so a samar, kuma har yau shi ne abin da babban asibitin ƙaramar hukuma ke nema.

Yanzu ga inda abin ke ci min tuwo a ƙwarya. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda shi ma a Zariya ya yi karatun likita, ya ce kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. Gwamnati ta amsa da ƙara guraben ɗalibai a makarantun likitanci. Ban ƙi ba. Sai dai lissafin ya haɗa kowa a buhu ɗaya, alhali tafiyar malami daban take da tafiyar ɗalibi. Kwalejojin ƙwarewa suna ƙayyade yawan masu neman ƙwarewar da sashe zai ɗauka ne gwargwadon malaman da yake da su da kayan aikinsa. In babban likita ɗaya ya tattara ya tafi Saudiyya ko Ingila ko Kanada, har da guraben horon da ke rataye da sunansa ya tafi, da kundayen da yake dubawa, da waɗanda za su maye gurbinsa. Mutanen Samaru, maƙwabtan Cibiyar Binciken Aikin Gona, ba sa bukatar dogon bayani a nan: manomi yana iya jure asarar hatsin bana, amma in iri ya ƙare, baɗi ma ta tafi. Ƙara ɗalibai ba tare da riƙe malamai ba faɗaɗa gona ne babu irin shukawa.

Wanda ya zauna kuma, dubi abin da ke kansa. Yana da nasa layin. Yana da masu inshorar lafiya da ma'aikatan asibiti da iyalansu. Yana da taruka da rahotanni. Kundin ɗalibansa da daddare yake karantawa, in akwai wuta. Ga 'yan uwa da abokan arziki da ke kiran waya a taimaka a duba musu wane. A cikin duk waɗannan, koyarwa ce kaɗai ba ta da mai ƙorafi in an tsallake ta. Marar lafiya in ya jima a benci zai ɗaga murya, ofis in rahoto ya makara zai aiko takarda, amma ɗalibin da bai samu wanda zai nuna wa aikinsa ba sai ya sa hannu ya sallami mutum, ba wanda ya sani. A ƙarshen wata ana ƙirga mutum nawa aka gani. Ba na jin akwai inda ake ƙirga sau nawa malami ya tashi daga kujerarsa ya shiga ɗakin ɗalibi. Abin da ba a ƙirgawa shi ake fara yarwa ran da layi ya kai bakin titi. Ranar da malamar nan ba ta samu minti goman ba, gwaggona za ta koma gida da ƙarin magani da ledarta a ƙugu.

Akwai masu cewa duk wannan zancen masu ƙoshi ne: ƙasar da ƙauyukanta ba su da ko ungozoma, ina ita ina kashe shekaru wajen horar da likitan iyali? A horar da ma'aikatan jinya da jami'an lafiyar al'umma da yawa kawai. Rabin maganar gaskiya ce. Su ne ke riƙe da ƙananan asibitoci, kuma Jihar Kaduna ta yi daidai da ta sa gaba a samu cibiyar lafiya mai aiki a kowace mazaɓa cikin 255 da take da su. Amma jami'in da ke cibiyar Basawa ko Bomo, in abu ya fi ƙarfinsa wa zai kira? Wa zai zo ya duba rajistarsa ya ce masa gwajin taifod ɗin nan da ake yawan yi yana nuna cuta inda babu ita? Wa zai karɓi wanda ya turo ba tare da an ce sai Shika ba? Tsakanin ƙaramar cibiya da asibitin koyarwa akwai wagegen giɓi, likitan iyali aka ƙirƙira don ya cike shi.

Sai dai akwai wani zargin da ya fi wannan nauyi, kuma malaman kansu ya shafa. Tun da asibitin koyarwa ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika a 2005, an samu fili da gine-gine, an kuma yi nisa da gari. Likitan da aka horar shekaru a cikin katangar babban asibiti, inda ɗakin gwaji yake kusa kuma kowane ƙwararre yana bayan ƙofa, ya saba da wannan inuwar. In ya gama, irin wurin zai nema. Horon da sunansa na iyali ne bai kamata a kammala shi mutum bai taɓa shiga zauren gidan marar lafiyarsa ba. Wuraren suna nan: cibiyar lafiya ta Yakawada a ƙaramar hukumar Giwa, asibitin jami'a a Samaru, asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, asibitin Wusasa, da cibiyoyin Sabon Gari. Abin da nake so in gani shi ne watannin da mai neman ƙwarewa ke yi a irin waɗannan wurare su yi yawa, kuma malami ya bi shi can a ranakun da aka tsayar. Tura yaro shi kaɗai ya toshe giɓin ma'aikata ba horo ba ne.

A Sabon Gari da Samaru ne ma darasin ya fi yawa. Bayarabe da Ibo da Banufe da mutumin kudancin Kaduna da ɗalibi daga kowace jiha duk a layi ɗaya suke. Likitocin ma daga ko'ina suke zuwa, wasu ba su jin Hausa sai ta ciniki. Matar da ke da matsalar da take jin kunyar faɗa ba za ta faɗe ta ta bakin ɗanta mai tafinta ba. Za ta ce ciwon mara ne, a ba ta magani ta tafi. Mai suga da ya ƙudurta yin azumi yana bukatar wanda zai zauna da shi tun cikin Sha'aban a gyara lokutan magani, domin in aka ce masa kawai "kada ka yi", zai yi, ba kuma zai dawo ya faɗa ba. Saurayi da budurwar da gwaji ya nuna za su iya haifar mai sikila, bayan an riga an kai kuɗin gaisuwa, ba takardar sakamako kaɗai suke bukata ba. Amaryar da ba za a yi mata aiki ba sai mai gida ya yarda, mai gida kuma sai ya ji ta bakin mahaifiyarsa, likita ne zai san da wa zai yi magana kuma da wane lafazi. Ba a haifi kowa da iya waɗannan ba. Ana koyonsu ne ta kallon wanda ya iya, sannan shi ya kalle ka kana yi ya gyara maka.

Dokar horon ƙwarewar likitoci ta 2017 ta tanadi kuɗin tallafa wa masu neman ƙwarewa, kuma ƙungiyarsu ta sha shiga yajin aiki a kan a biya su. Haƙƙinsu ne. Saura a tanadi lokacin wanda zai koyar da su, a rubuce, cikin jadawalin asibiti: ranakun da babban likita ba shi da nasa layin, aikinsa kawai ya zagaya ɗakunan ɗalibai. Hakan na nufin a ɗauki ƙarin hannu, ƙarin hannu kuma kuɗi ne, na sani. Ya kamata kuma koyarwa ta yi nauyi wajen ƙarin girma kamar yadda buga takardun bincike ke yi. Gwamnatin jiha tana iya tura likitocin manyan asibitocinta su yi wannan horon da albashinsu, bisa yarjejeniyar su koma inda suka fito, har a kai ga wasu daga cikinsu su zama malamai a can. Ɗalibin likitanci kuma ya ɗanɗana aikin bakin ƙofa tun yana jami'a, a hannun wanda ke alfahari da shi, kafin a cusa masa cewa aikin waɗanda suka rasa gurbi ne.

Wakilan Sabon Gari da Zariya da Giwa a majalisun jiha da na tarayya sukan kai ziyara asibitoci, a nuna musu sabon gini da sabuwar na'ura a ɗauki hoto. In sun sake zuwa, su nemi a kai su sashen likitancin iyali su tambayi shugabansa: malamai nawa ke nan yau, nawa ne shekara biyar da suka wuce, ɗalibai nawa ke ƙarƙashin kowanne, kuma awa nawa a mako yake samu ya tsaya a kansu. Su rubuta amsar, su tafi da ita zaman kasafin kuɗi.